Gargaɗi ga masu neman tsohon Raleigh: tambarin zalɓe ba shi ne keken ba

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwana masu sha'awar tayar da tsofaffin kekuna, da kuma duk wanda ke da keken mahaifinsa ko na kakansa jingine a zaure ko a ɗakin shirgi. Akwai wani mutum da ke yawo a cikinmu yanzu haka, yana cutar jama'a ta fuska biyu. Yana sayar da jabu da sunan gangariya, sannan yana karɓar gangariyar mutane da sunan gyara ya kwashe mata duk abin da ke da daraja. Ni ta hanyar farko ya cuce ni. Wani dattijo kuma ta hanya ta biyu, tasa kuwa ta fi tawa ciwo nesa ba kusa ba. Ba zan kama suna ba, domin magana tana hannun hukuma, kuma sunan da ya ba ni ma daban yake da wanda ya ba dattijon. Yadda yake aikinsa zan faɗa, don shi ne ba ya canzawa.

Na kai shekara tara ina wannan harka a nan Kano. Ba sana'ata ba ce, ran Asabar da Lahadi kawai nake zama da kananzir da sanfefa da tsumma, ina fid da tsatsa daga ƙarfen da ya girme ni. Da keken mahaifina na fara, Allah Ya ji ƙansa, wani Hercules da ya yi shekaru yana zuwa makaranta koyarwa a kai. Daga baya na tayar da Phillips guda biyu, ɗaya daga hannun 'yan gwangwan na ƙwato shi saura kaɗan a ɗora shi a sikeli. Abin da na daɗe ina nema ban samu ba shi ne Raleigh ɗan Ingila, baƙi, mai birkin sanda, mai rufaffen murfin sarƙa, mai giya uku. Irin wanda dattawanmu ke kira Rali, su faɗi sunan da wata irin girmamawa. Yawancin waɗanda suka shigo ƙasar nan masu giya ɗaya ne, saboda haka mai giya uku ya yi wuyar gani. Na zaga Ƙofar Ruwa ba adadi, na bar sallahu wajen masu gyara da dama. Duk wanda ya san ni ya san abin da nake nema, kuma ina jin ta nan labarina ya kai kunnen mutumin.

A WhatsApp ya same ni. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ce wani ne ya ba shi lambata, ya turo hotuna shida. Keke ne na gaske a hotunan, wannan ba na shakka har gobe. Fentinsa ya dusashe irin na tsufa, siririn layin ruwan zinariya na nan a jikin modigad, sirdin fata ya yi baƙi ya lotsa a tsakiya. Ya ce na wani tsohon ma'aikaci ne da ya rasu a wani gari mai nisa, magada ke son kuɗi da gaggawa don a raba gado. Ya sa naira dubu ɗari da tamanin. Na ce zan zo in gani. Ya ce ai da ma gobe akwai wani dillali da zai zo daga Kudu ya ɗauka, masu kai wa Turawa, amma shi ya fi son keken ya zauna a hannun wanda ya san darajarsa. In dai da gaske nake, in tura dubu sittin kafin alƙalami ya riƙe mini.

Ku lura da abubuwa ukun nan, domin duk wanda na yi magana da shi daga baya su aka karanta masa: mamaci da magada, dillalin da zai zo gobe, da yabon cewa kai ne ka san darajar kaya. Na ukun ya fi kama mutum. Na tura.

Kwana biyu bayan nan ya turo bidiyo daga wata tasha, ga abu an naɗe da kwali da buhu ana ɗaure shi a saman mota, ga wani yana cewa shi ne direba. Ya ce in cika sauran kafin mota ta tashi, don magada sun ƙi yarda kaya ya bar garin ba a biya ba. Na nemi a buɗe mini in gani, sai ya yage kwalin daidai wuyan keken, tambari ya bayyana, kan zalɓe, alamar Raleigh, da rubutun Nottingham, garin Ingila da masana'antarsu take a da. Na cika kuɗi. Cinikin biri a sama na yi, kuma na san karin maganar tun ina yaro.

Da na kwance kwalin a tsakar gida, warin fenti ne ya fara dukan hancina. Keken da ya shekara hamsin ko sittin ba ya warin feshi. Baƙin yana ƙyalli, an bi shi da ƙura da baƙin mai don ya yi kama da tsoho. Amma ga tambari na tagulla na gaske, ga sirdin fata na kamfanin Brooks na gaske, ga cibiyar wilin baya ta Sturmey-Archer, masu ƙera giyar keke, da 'yar sarƙarta ta canjin giya. Zuciyata ta rabu biyu. Na kira lambar, a kashe. Washegari da sassafe na tura keken zuwa rumfar wani tsohon mai gyara da nake koyo a wajensa, mutumin da ya fi shekara hamsin yana wannan sana'a.

Bai ce komai ba da farko. Ya kifa keken, kai da sirdi a ƙasa, ya shafa ƙarƙashin ramin da sandar feda ke shiga. Ya ɗauki bakin sukudireba ya kankare kaɗan, sai wani farin gari ya zubo. Fila ce irin ta masu gyaran jikin mota. A ƙarƙashinta ƙarfen ya yi santsi da zanen giranda, an goge duk abin da aka taɓa bugawa a wurin. Sai ya kwance kofin boris na gefen hagu, ya laluba cikin gwangwaninsa ya ɗauko sabon kofi irin na kasuwa, ya ɗaura. Ya shige sumul har ƙarshe da yatsa biyu.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, nawa ka ba da?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Innalillahi. Wannan bodin bai taɓa ganin Ingila ba."

Ga abin da ya sa ya ce haka, kuma ina roƙon kowa ya riƙe shi. Tsofaffin Raleigh na Nottingham suna da nasu zaren noti na daban. A ramin feda da wuyan fok, zare 26 ne a kowane inci, alhali na sauran kekuna da yawa 24 ne. Shi ya sa masu gyara na da suke cewa kayan Rali sai Rali. In ka ɗaura kofin kasuwa a jikin na ainihi, zai yi zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in ka matsa ka lalata zaren. Wanda ya shige ba gardama, to ka fara tambaya. Fenti ana fesawa, sitika ana bugawa, tambari ana cirewa a liƙa, amma zaren da aka yanka a masana'anta yana nan yadda yake.

Daga nan ya bi keken gaba da baya yana nuna mini. Tambarin Raleigh da ƙananan ribit ake kafe shi a wuya. Nawa an huda sababbin ramuka ne a karkace, aka sa gam aka danna 'yan ƙusoshi, kuma da ya haska tocila cikin bututun bayan ya zare fok, ga tsofaffin ramukan wani tambarin daban an toshe su. Farantin sarƙa na tsohon Raleigh yana da kawunan zalɓe guda uku da aka fafe a jikin ƙarfen, nawa kuwa da aka buɗe murfin sai ga faranti na kasuwa, shi ya sa ma aka rufe shi ruf. Kafaɗar fok ta Raleigh bututu ce a kwance, da 'yan murafai masu ƙyalli da suka lotsa ciki a gefe da gefe. Wasu masu kwaikwayo suna yin irinta, don haka kada a dogara da ita kaɗai, amma nawa ko kwaikwayon ba a yi ba. Haɗin bututun kuma da kauri, ba tsabta.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Bodin da aka kawo mini na irin kekunan Sin ko Indiya ne, kuma ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Phoenix na Shanghai, Flying Pigeon na Tianjin, Hero na Ludhiana, su suka ɗauki buhunan masara da jarkokin ruwa da 'yan makaranta a ƙasar nan lokacin da na Ingila ya fi ƙarfin talaka. An ƙera su ne a kan fasalin na Ingila, taya inci 28, birkin sanda, kariya mai ƙarfi, shi ya sa daga nesa ba ka bambancewa, kuma shi ya sa suka yi wa ɗan damfara daɗin aiki. Wanda ya sayar maka da Phoenix a matsayin Phoenix ya yi cinikin halal. Haka nan Raleigh da aka haɗa a masana'antar kamfanin da ta yi aiki a nan Kano, shi ma Raleigh ne na gaske, yana da darajarsa, kuma ni ina ganin ya kamata mu fi kowa adana shi tunda namu ne. Laifin shi ne a ɗauki wani a sa masa rigar wani, a karɓi kuɗin wanda ba shi ba.

Wani abin da ya kamata mai saye ya sani: sunan Raleigh ya daɗe, tun 1887 ake lissafa kafuwar kamfanin, kuma ya haɗiye wasu da yawa a hanya, Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 kuma aka haɗe shi da su Phillips da Hercules a ƙarƙashin uwa ɗaya. An daina haɗa keke a Nottingham a 2002. Saboda haka in wani ya nuna maka keke fil a leda ya ce yanzu aka sauke shi daga masana'antar Nottingham, ka san inda ka ajiye maganarsa. Mutumin nan yana da irin wannan tallar ma, wai ragowar kaya ne da aka manta a sito.

To, sai muka zo kan sirdi, nan ne maganar ta sauya. Tsohon ya juya shi yana dubawa, sai na ga hannunsa ya tsaya. A gefen dama, inda fatar ta taɓa tsagewa kusa da ribit na baya, akwai ɗinki na jan zare, ɗinkin baduku, ƙanana ƙanana a jere guda tara. Ya sa babban yatsa ya shafa shi.

Ya ce, "Na san sirdin nan. Ni na aika aka yi ɗinkin nan, ya fi shekara ashirin."

Na ce, "Baba, ai daga wani gari aka turo shi."

Ya ce, "Ko daga ina aka turo shi, mai shi yana unguwar nan, kuma da ransa."

Da la'asar muka je. Dattijo ne da ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, idonsa ya fara rauni. Da muka gaisa aka shimfiɗa mana tabarma, tsohon mai gyara ya miƙa masa sirdin bai ce komai ba. Ya karɓa ya shafa, ya kai yatsa kan ɗinkin, ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya kira jikansa ya ce a fito da keken.

Abin da aka fito da shi ya sa ni hawaye. Bodin Raleigh ne na ainihi, wanda na gani a hotuna shida ɗin nan, amma an fesa masa wani baƙin fenti mai kauri har kan ƙyallin birki. Wuyansa ba tambari, sai sitika. An ɗora masa sirdin roba, an sa wilin baya na kasuwa mai giya ɗaya, ƙararrawar Lucas da fitilarsa duk babu. Dattijon ya ce wata huɗu da suka wuce wani yaro mai ladabi ya zo ya ce shi mai son kayan tarihi ne, yana gyara wa dattawa kekunansu don lada, kuɗin fenti kawai za a ba shi. Ya ɗauka ya yi sati uku, ya dawo da shi yana sheƙi. Shi da ba ya gani sosai ya yi ta sa masa albarka. Sai da ya hau ya nemi giya ya rasa, ya ji sirdin ba nasa ba. Da aka kira yaron ya ce tsofaffin sun ruɓe ne ya zubar, ya sa masa sababbi kyauta.

Ya ce da ni, "Ɗana, da albashina na saye shi, a kansa na kai uwar 'ya'yan nan asibiti haihuwar fari. Ban taɓa barinsa ya kwana a waje ba."

Kun ga yadda abin yake. Keke ɗaya na gaske yana haifa masa ciniki uku ko huɗu. Hotunan da ya ɗauka kafin ya taɓa shi su ne tallarsa. Tambari da sirdi da cibiyar giya su hau jabun bodi a sayar wa irina. Ƙararrawa da fitila da farantin sarƙa a sayar daban, ko a ɗora wa wani jabun. Mai keke kuma a mayar masa da ƙashi ba nama, har ya yi godiya. Tashar da aka ɗauki bidiyo ma, da muka sake kallo da kyau, ba ta wani gari mai nisa ba ce. Mota ta ɗan zaga ne ta dawo.

Cibiyar giyar ta ƙara tabbatar mana. A zamanin da, Sturmey-Archer suna buga shekara da wata a jikin cibiyar, lamba biyu na shekara sai lambar wata. In ka goge maiƙon da tsumma za ka gani ƙarƙashin sunan. Ɗan damfarar ya ce mini keken na shekarun 1950 ne, abin da ke jikin ƙarfen kuwa ya dace da shekarar da dattijon ya ce ya saya, ba da abin da aka faɗa mini ba. Amma a yi hattara, lambar nan shekarar cibiyar kawai take faɗa, ba ta bodin ba. Wili ana ciro shi daga wani keke cikin minti biyar. Ni abin da ya rufe mini ido ke nan, na ga kaya uku na gaske na ɗauka na huɗun ma haka ne.

Ga mai saye, shawarata gajeriya ce. Kada ka tura ko sisi sai ka ɗora hannu a kan ƙarfen, ko wani naka da ya san keke ya ɗora. In nisa ya hana, ka sa a yi maka kiran bidiyo kai tsaye, a kifa keken a gabanka, a nuna maka lambar bodi, a ƙarƙashin ramin feda ko kusa da inda sandar sirdi ke shiga, a buɗe murfin sarƙa, a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda a riƙe kusa da tambari. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ka fi son keke da tsohon fentinsa ko da ya koɗe, don sabon feshi a kan tsohon keke sau da yawa wani abu yake rufewa. Sunan da ke kan asusun banki in ya saɓa da na mai magana da kai, ka tsaya. Nawa ya saɓa, ya ce na ƙaninsa ne, na wuce.

Amma waɗanda na fi jin tsoro dominsu su ne iyayenmu. Don Allah duk mai dattijo a gida da ke da tsohon keke, Raleigh ne, Phillips ne, Rudge mai tambarin tafin hannu ne, ya je yau ya ɗauki hotonsa ta kowane gefe: tambari, sirdi sama da ƙasa, cibiyoyin wili, lambar bodi, ƙararrawa, fitila, har da ɗan farantin lasin na zamanin En'e in yana nan. A gaya wa tsoho kada ya ba kowa keken ya fita da shi. Mai son gyarawa don Allah ya zo ya gyara a ƙofar gida, a gaban mutane, duk abin da ya cire ya ajiye a kwano. Kuma a sani, tsohon keke ba fenti yake buƙata ba. Wanki ne, da giris a boris, da mai a sarƙa, da sabon tif da taya, da robar birki. Sirdin fata kuma a shafa masa ɗan man fata a bar shi ya sha, kada a wanke shi da ruwa. Mafi yawan abin da ake cewa ya ruɓe, ƙarfen Ingila ne da zai ƙara wasu shekaru hamsin.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi, na kuma sanar da bankina a rubuce. Dattijon ma jikansa ya kai tasu, aka haɗa. Duk wanda irin wannan ta same shi, kada kunya ta sa ya yi shiru, ya ajiye saƙonni da lambar asusun da ya tura wa, ya kai. Zuwa yanzu mun zama mu biyar da muka san juna, uku masu saye, biyu masu keke.

Tambari da sirdi da wilin baya na mayar wa mai su, don ba nawa ba ne ko da na biya kuɗi. Asabar uku ke nan muna zama a rumfar tsohon mai gyara muna cire feshin nan a hankali, kuma a wasu wuraren tsohon layin zinariyar ya fara leƙowa daga ƙasa. Tambarin ya koma ramukansa na asali, ribit ɗin suka zauna daram. Ƙararrawa da fitila da farantin sarƙa mai kan zalɓe har yanzu ba mu gan su ba. Ƙararrawar tana da lotsawa a murfinta ta gefen hagu, fitilar kuma gilashinta ya tsage an ɗaure bakin da siririyar waya. Wanda aka yi wa tallarsu, ko ya riga ya saya bai sani ba, ya yi wa Allah ya neme ni, zan biya shi abin da ya kashe.

A makon nan an turo mini sabuwar tallarsa daga wata lambar daban. Hotuna shida ne na wani koren Raleigh na mata, wanda ba shi da sandar sama, da kwando a gaba, jingine da bangon ƙasa kusa da wata randa. An ce na wata malamar asibiti ce da ta rasu, magada na sauri. In akwai wanda ya gane keken nan ko bangon nan, ya je gidan ya duba tun yau.